Yadda A Ke Raya Tsohon Injin Kwalekwale Wanda Silindarsa Ta Cinye

A ƙasar Amurka, musamman wajen manyan tabkunan nan na arewa, akwai waɗansu mutane da ba su da abin sha'awa kamar su tsinci tsohon injin kwalekwale da aka jingine cikin ɗakin ajiya shekara 40 ko 50, su kwance shi gaɓa gaɓa, su gyara, har ya koma yana tashi tamkar ranar da ya fito daga hannun maƙeransa. Tun cikin 1965 suka kafa ƙungiya tasu, suna taruwa a bakin ruwa suna musayar kayan gyara da shawara. Injin da mu ke nufi shi ne irin wanda a kan maƙala a gindin kwalekwale daga waje, farfelarsa na cikin ruwa, matuƙi na riƙe da hannunsa yana juya jirgin. Cikin dukan cututtukan da ke kama irin wannan inji babu wadda ta kai cinyewar silinda wuyar magani, gama sauran kaya a kan kwance tsoho a ɗaura sabo, amma silinda sai an yanki ƙarfenta, ƙarfen da aka yanke kuwa ba ya komowa. Saboda haka muka ga ya kamata mu bayyana yadda a ke wannan aiki, da dalilin kowane mataki.

Injin da za mu yi misali da shi

Wanda ya fara cin kasuwa da irin wannan inji shi ne Ole Evinrude, haifaffen ƙasar Norwe wanda ya girma a jihar Wiskonsin. Cikin 1909 ya fara sayar da nasa a birnin Milwoki, mai silinda ɗaya, mai ƙarfin doki ɗaya da rabi. Cikin 1922 waɗansu 'yan'uwa da a ke kira Johnson suka fito da nasu mai silinda biyu, nauyinsa fam 35 kaɗai. Daga 1936 sunayen nan biyu suka koma ƙarƙashin kamfani guda, wanda ya daɗe yana jan ragamar wannan sana'a har ya karye cikin 2000. An ci gaba da ƙera inji da sunan Evinrude a hannun wani kamfani, kana aka daina cikin 2020.

Za mu ɗauki ɗaya daga cikinsu, watau Johnson mai ƙarfin doki biyar da rabi, wanda aka yi ta ƙerawa a garin Wokigan, bakin tabkin Mishigan, daga 1954 zuwa 1964. Silinda biyu gare shi, ɗaya bisa ɗaya. Faɗin kowace inci 2 ne ba kaɗan, watau inci 1.9375, tafiyar fistin a cikinta kuwa inci ɗaya da rabi. Gangar jikin injin ta alminiyam ce domin rashin nauyi, amma an sa wa kowace silinda riga ta baƙin ƙarfe a ciki, gama alminiyam ba ya jure guga.

Yadda ya ke aiki

Ba za mu gane ciwo ba sai mun san lafiya. Wannan inji irin mai bugu biyu ne, ɗan'uwan ƙaramin janaretan nan da a ke gauraya wa fetur da baƙin mai. Ba shi da bawul kamar injin mota. A maimakon haka an huda tagogi a bangon silinda, waɗansu na shigar fetur, waɗansu na fitar hayaƙi, fistin da kansa shi ke buɗe su yana rufewa yayin da ya ke kai da komo. In fistin ya nufi kan silinda sai ya matse fetur da iskar da ke gabansa, a lokaci guda kuma yana zuƙo wani sabo zuwa cikin tumbin inji, inda karanshaf ya ke. Filogi ya ba da wuta, fetur ya fashe, ya koro fistin baya. Cikin komowarsa sai ya buɗe tagar hayaƙi, sa'an nan ya buɗe ta shiga, sabon fetur da ya matse cikin tumbi ya kutsa ya kori ragowar hayaƙin.

To, abin lura a nan biyu ne. Na farko, duk ƙarfin injin ya dogara ne ga matsi, matsi kuwa ya dogara ga siraran zobban nan da ke kewaye da fistin, waɗanda kanikawa ke kira ringi. In ringi bai lafe da bangon silinda ba, iska za ta sulale ta gefe. Na biyu, babu wata ma'ajiyar baƙin mai cikin wannan inji. Man da ke shafe fistin da ringi da karanshaf shi ne wanda mai jirgi ya zuba cikin fetur da hannunsa.

Bari mu yi ɗan lissafi domin mu ga nauyin aikin da ke kan bangon nan. In injin na cikin ƙarfinsa yana juyawa sau 4,000 a minti guda. Kowane juyi fistin ya kan tafi inci ɗaya da rabi, ya komo inci ɗaya da rabi, inci 3 ke nan. A minti guda ya yi tafiyar ƙafa 1,000, a awa guda ya zarce mil 11 yana gugar bango, wuta kuma ta fashe a kansa sau 240,000. Abin da ke tsakanin ƙarfe da ƙarfe duk wannan lokaci ɗan shafin mai ne wanda bai kai kaurin takarda ba. Abin mamaki ba cinyewar silinda ba ne, daɗewar da ta ke yi kafin ta cinye.

Abin da ke cinye silinda

Tsufa kaɗai ba safai ya ke kashe silinda ba. Galibi akwai sanadi, wanda ya gyara silinda bai gano sanadin ba kuwa ya yi aikin banza, gama abin da ya ci ta fari shi zai ci ta biyu.

Sanadi na farko shi ne ƙarancin mai. Maƙeran wannan inji sun ce a zuba ma'auni ɗaya na baƙin mai cikin ma'auni 16 na fetur, domin irin na farkon karanshaf ɗinsu bisa bushin tagulla ya ke juyawa, tagulla kuwa tana son mai da yawa. Daga 1964 kamfanin ya koma umurtar ma'auni ɗaya cikin 50 ga sababbin injunansa. Mutum ya kan ji wannan, ya zaci duk inji ɗaya ne, ya yi wa tsohon haka, ya bar shi da ƙishirwa.

Na biyu shi ne zafi. Ruwan da jirgin ke bisa shi ke sanyaya injin. Akwai ɗan famfo can ƙasa, sama da farfela, mai fikafikan roba, wanda ke tura ruwa ya zaga silinda. Roba kuwa ta kan bushe ta kakkarye ko da ba a aiki da ita. A wannan inji ba a kai wa ga famfon sai an ɗage kan injin duka, shi ya sa masu shi da yawa suka yi ta ɗaga ranar canja robar har ta mutu. In ruwa ya yanke, fistin na alminiyam ya kan kumbura kusan ninki biyu na yadda baƙin ƙarfe ke kumbura, sai ya cika silinda, ya kori mai, ya kama bango ya karce shi.

Na uku shi ne ruwa da tsatsa. In an ajiye inji da danshi a ciki, ko ya faɗa ruwa ba a tashe shi nan da nan ba, tsatsa ta kan ci bangon ta bar 'yan ramuka. Na huɗu shi ne baƙin kunkunniya da ke taruwa cikin kwarin ringi har ya liƙe, ya kasa buɗewa, wuta ta riƙa bi ta gefen fistin tana ƙone mai. Na biyar shi ne iskar sata, wadda ke shiga tumbin inji ta wajen robar da ke toshe bakin karanshaf in ta lalace. Iska ta yi yawa, fetur da man da ke cikinsa su yi kaɗan, silinda ɗaya ta yi ta zafi alhali 'yar'uwarta lafiya lau.

Awo kafin yanka

Mai gaggawa da ya ga inji ba ƙarfi sai ya ɗauki sufana. Gwani kuwa ma'auni ya ke fara ɗauka. A kan cire filogi duka biyu, a ɗaura ma'aunin matsi a ramin ɗaya, a ja igiya sau huɗu ko biyar da ƙarfi, a rubuta abin da allura ta nuna, kana a yi wa ɗayan haka. Bambancin da ke tsakanin silinda biyun ya fi lambar kanta muhimmanci. Ƙa'idar kanikawa ita ce kada ya wuce wajen kashi 10 cikin 100. In matsi ya yi ƙasa, a ɗiga ɗan baƙin mai cikin silinda a sake gwadawa. Idan ya ɗaga ƙwarai, to, ringi ko bango ne ke yoyo, man ne ya toshe na ɗan lokaci. Idan kuwa silinda biyun duka sun faɗi daidai da juna, mai kuma bai taimaka ba, sai a tuhumi gasket ɗin da ke ƙarƙashin murfin silinda, gama ya kan ƙone a ɗan siririn wurin da ke tsakaninsu. Sau da yawa an yanke wa inji hukuncin mutuwa alhali gasket kaɗai ya ke bukata.

In ya tabbata ciwon na ciki ne, sai kwancewa. A nan ma haƙuri a ke so. Kusoshin ƙarfe da suka shekara 60 cikin alminiyam, balle in injin ya sha ruwan gishiri, su kan manne kamar an yi musu walda. A jiƙa su da mai, a ɗumama wurin da wuta kaɗan kaɗan, a riƙa murɗawa gaba da baya. Wanda ya karya kusa ya ƙara wa kansa aikin yini guda. Kowane fistin da sandarsa da murfin sandar a yi musu alama, na sama daban, na ƙasa daban, domin kowane ya saba da mazauninsa.

Sa'an nan a wanke silinda a auna ta da ma'aunin da ke gane kashi ɗaya cikin 1,000 na inci. Ba a wuri ɗaya a ke awo ba. A auna can sama inda ringi ke tsayawa ya juyo, a auna tsakiya kusa da tagogi, a auna ƙasa, kowane wuri kuma sau biyu, a tsaye da a gicciye. Dalili shi ne silinda ba ta cinyewa bai ɗaya. Sama ta fi ci, gama can zafi da matsi suka fi yawa, sai ta zama baki ya fi gindi faɗi. Haka kuma gefen da fistin ke jingina in wuta ta tura shi ya fi ci, sai da'irar ta koma siffar ƙwai. Ringi kuwa da'ira ne sosai, ba ya iya lafewa cikin ƙwai. Littattafan gyara galibi su kan sa iyakar wannan karkata wajen 0.002 zuwa 0.003 na inci, watau kamar kaurin silin gashi guda. Ido ba ya ganin wannan, yatsa ba ya ji, amma inji ya sani.

A duba karce kuma. Wani abin da a ke zato karce ne, ashe alminiyam ɗin fistin ne ya narke ya manne bisa bango, in an cire shi a tarar da ƙarfen ƙarƙashi lafiya. Karce na gaske shi ne wanda farce ke maƙalewa a ciki in an ja shi a gicciye.

Hanyoyi uku

Abin da awo ya nuna shi zai zaɓa mana hanya.

Hanya ta farko, in silinda ba ta wuce iyaka ba, karce kuma ba zurfi, ita ce wasawa. Akwai wani abin aiki mai duwatsun washi da a ke juyawa cikin silinda ana kai shi ana komo da shi, da mai, har ya kankare ƙyallin nan da tsohon ringi ya bari, ya zana siraran layuka masu gicciye juna. Layukan nan su ke riƙe mai, su ke kuma cin sabon ringi kaɗan har ya zauna daidai. Amma mu sani, wasawa ba ta mai da ƙwai da'ira in da hannu a ke yi, bin karkatar ta ke yi. Wanda ya yi ta wasawa domin ya share karce mai zurfi faɗaɗa silinda kawai ya ke yi, fistin ya koma yana rawa a ciki.

Hanya ta biyu ita ce fafewa. A kan kai gangar injin wurin masu injin yankan ƙarfe, su fafe silinda ta koma da'ira sosai amma ta ɗan fi da faɗi, a sa mata fistin da ringi waɗanda aka yi musamman da ƙarin girma, kamar 0.020 ko 0.030 na inci. A nan ne mutane da yawa suka yi nadama. Tun da ya ke an daina ƙera waɗannan injuna, ba kullum a ke samun babban fistin ba. Wanda ya fafe tukuna ya shiga nema, in bai samu ba ya tashi da silinda wadda babu abin da zai shige ta. Ƙa'ida ita ce a sami fistin a hannu, a miƙa wa mai fafewa, ya auna shi, ya fafe daidai da shi, ya bar 'yar tazarar da littafin injin ya faɗa domin kumburin zafi. In tazarar ta yi kaɗan fistin zai kama, in ta yi yawa zai riƙa ƙara yana zubar da matsi. Kada kuma wani ya zaci fafewa na ƙara wa inji ƙarfi. Ƙarin 0.020 bisa faɗin inci 1.9375 bai ƙara wa cikin silinda abin da ya wuce wajen kashi 2 cikin 100 ba.

Bayan fafewa akwai wani ɗan aiki da ba a yi wa injin mota, amma a nan tilas ne. Bakin tagogin nan ya kan fito da kaifi kamar aska. Sai a bi su da ƙaramin magagari a dakushe kaifin, in ba haka ba ringi zai sarƙe a bakin taga ya karye, gutsurensa ya yaga sabon bangon cikin minti kaɗan.

Hanya ta uku, in ramin tsatsa ko karce ya yi zurfin da fafewa ba ta kai, ita ce a cire tsohuwar rigar baƙin ƙarfen a dasa sabuwa, a huda mata tagogi daidai da na da. Wannan aikin gwanaye ne, kuɗinsa kuma ya kan fi kuɗin injin. Saboda an ƙera irin wannan inji da yawa, masu hankali su kan nemi wani matacce wanda gangarsa ke da lafiya, su haɗa biyu su tashi ɗaya. Sai dai a ɗauki gangar tare da murfin tumbinta, gama tare aka gyara fuskokinsu a masana'anta, na wani ba ya zama daidai bisa na wani.

Haɗawa

Kafin a mai da kome, a wanke silinda da ruwan zafi da sabulu da buroshi. Fetur ba ya fid da garin dutsen washi daga cikin layukan nan, garin kuwa in ya saura shi zai ci sabon ringi. A yi ta wankewa har a goga farin ƙyalle ya fito fari, kana a shafe ta da mai nan take domin kada tsatsa ta kama.

Kowane ringi a sa shi cikin silinda shi kaɗai, a daidaita shi da gindin fistin, a auna tazarar da ke tsakanin bakunansa biyu da siraran ƙarafan awo. Ga silinda mai wannan faɗi a kan so 0.005 zuwa 0.015 na inci. In babu tazara, ringi ya ji zafi ya miƙe, bakunan su haɗu, ya karye. Cikin kwarin fistin akwai ɗan tsinke da ke hana ringi juyawa domin kada bakinsa ya faɗa taga, lalle a ga tsinken ya shiga tsakanin bakunan. Kan fistin kuma ba shimfiɗaɗɗe ba ne, yana da tozo, gefe ɗaya a tsaye, gefe ɗaya gangare. Gefen da ke tsaye shi ke fuskantar tagar shiga, domin ya karkata sabon fetur zuwa kan silinda. In an juya shi, fetur zai bi tagar hayaƙi ya fice ba tare da ya yi aiki ba.

Sa'an nan a koma ga sanadin da muka ambata. A sa sabuwar robar famfo, da sababbin robobin bakin karanshaf, a fid da datti daga hanyoyin ruwa, a wanke kafireto. Fetur ɗin Amurka na yau galibi gauraye ya ke da sinadarin itanol kashi 10 cikin 100, wanda ke cin tsofaffin robobi, don haka a canja tiyon mai. A daidaita kwantak bisa 0.020 na inci, filogi bisa 0.030. Murfin silinda a ɗaure kusoshinsa daga tsakiya zuwa gefe, kaɗan kaɗan, zagaye bayan zagaye, domin kada ya lanƙwashe.

Horon sabon inji

Ba a tashin wannan inji a tudu ko na ɗan lokaci, gama robar famfo ta kan ƙone in ta juya ba ruwa. A sa ƙafarsa cikin ganga, ruwa ya shanye famfon, a tashe shi, a tabbata ruwa na fita tare da hayaƙi. Awa 10 na farko lokacin sabo ne tsakanin ringi da bango. A ɗan ƙara mai cikin fetur, kada a buɗe masa wuta duka, kada kuma a bar shi bisa gudu ɗaya, a riƙa ƙarawa ana ragewa. Bayan ya yi zafi ya huce a sake bin kusoshin murfi, a sake auna matsi a rubuta, domin lambar nan ita ce shaidar da za a gwada da ita nan gaba. Duk wannan a yi shi kusa da gaɓa, da filafili cikin jirgi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ko da ya ke misalinmu na Amurka ne, injuna masu bugu biyu da ke tura jirage a kogin Kwara da Binuwai da tabkin Chadi bisa wannan ƙa'ida su ke aiki, abin da ke cin silindarsu kuma shi ne abin da muka lissafa. Mota in ta mutu a hanya, fasinja sai ya sauka ya zauna gindin itace. Wanda injinsa ya mutu tsakiyar ruwa, ga iska ta taso, ba shi da wurin sauka. Domin haka ne mu ke cewa ga duk wanda zai taɓa irin wannan aiki, ya auna kafin ya yanka, ya riƙe fistin a hannu kafin ya fafe, ya kuma nemi abin da ya kawo ciwon kafin ya rufe injin. Allah ya kai kowane matafiyi gaɓa lafiya.